Ƙurar Hunturu a Kan Tsohon Nagatif: Nazarin Wani Aikin Buga Hoto a Samaru

Wannan rahoto ne a kan aikin buga hotuna 12 daga wani tsohon nagatif na baƙi-da-fari, wato wankakken fim ɗin da ake buga hoto daga jikinsa, a wani ɗakin duhu na wanke hoto da ke Samaru, a tsakiyar watan Janairu. Bugun farko ya lalace saboda ƙura. Aka dakata, aka bi diddigin inda ƙurar ke fitowa, sannan aka sake aikin daga tushe. Na ga ya dace a rubuta shi dalla-dalla, domin 'yan tsirarun matasanmu da suka koma wa fim suna koyon aikin ne daga bidiyon mutanen ƙasashe masu danshi, waɗanda ba su taɓa wayar gari cikin hazon hunturu ba. Shawarar da ke aiki a Landan, in aka ɗauko ta yadda take aka kawo Zariya a watan Janairu, tana iya illata nagatif ɗin da ba shi da na biyu.

Mai kayan wata Hajiya ce daga cikin birni, ta ba shekara sittin baya. Mahaifinta yana cikin mahayan da ke rufa wa wani hakimi baya a hawan Sallah, zamanin Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu, wanda ya rasu a 1975. A ɗaya daga cikin Sallolin ƙarshen zamanin ne aka ɗauko mai hoto daga Tudun Wada. Ya ɗauki maigidan a kan dokinsa a ƙofar zaure, ya ɗauki yara cikin kayan Sallah, aka kuma yi masa iso tsakar gida ya ɗauki uwargida. Hotunan takarda sun daɗe da salwanta, gara ta ci wasu, dangi sun ari wasu ba su dawo da su ba. Abin da ya saura shi ne ambulan guda a ƙasan adakar mahaifiyarta, tsakanin zannuwa da ƙwayoyin kafur. Kuma babu wani hoton mahaifiyar a ko'ina in ba wanda ke cikin ambulan ɗin nan ba.

Fim ɗin irin 120 ne, wanda ke ba da hoto 12 masu kusurwa huɗu daidai, kowanne kimanin milimita 56 a tsaye da kwance. An yanka shi gida huɗu, hoto uku-uku. A gefensa an buga Kodak Safety Film, abin da ya kwantar da hankali ta fuska ɗaya: ba tsohon fim ɗin naitiret ba ne mai saurin kama wuta, wanda kamfanin ya daina yi a farkon shekarun 1950. Na asitet ne. Shi kuma ciwonsa shi ne ruɓewa a hankali cikin zafi da danshi, yana fitar da wari mai tsami irin na binega, yana kuma motsewa. An shinshina ambulan, ba a ji komai ba sai turare da kafur. Fim ɗin ya ɗan lanƙwashe, amma lafiyarsa ƙalau.

Wanda Hajiya ta damƙa wa aikin matashi ne mai himma, da hannun zane, ya kama hayar ɗaki kusa da hanyar Sakkwato ya mayar da shi ɗakin duhu. Inlajarsa, wato na'urar da ke haska nagatif a kan takardar hoto, tsohuwar Meopta Opemus ce ƙirar Cekosulobakiya, mai kwandansa, wato gilasan da ke tattara hasken fitila su miƙa shi kan nagatif, da lens mai milimita 80, da maɗaukin nagatif mai gilashi sama da ƙasa. Takardarsa Ilford Multigrade ce, wadda sai an yi odarta daga nesa da kuɗi masu ciwo. Hajiya ta nemi a buga kowane hoto inci 12 a tsaye da kwance, don a sa a firam a raba wa 'yan'uwa.

Bugun farko ya fito da fararen ɗige-ɗige ko'ina, da 'yan zare-zare masu lanƙwasa, har a kan fuskar maigidan. Matashin ya ciro nagatif ya goge, ya sake bugawa, abin ya ƙaru. Da ya ga takarda na tafiya a banza sai ya kira ni.

"Malam, wallahi na goge shi ya fi a ƙirga," in ji shi. "Ina gogewa, kafin in kai shi cikin inlaja wata ta sake hawa."

Na tambaye shi da me yake gogewa. Ya zaro hankici fari tas daga aljihu.

Ban ga laifinsa ba sosai. Kowa ya ga ƙura a kan abu, hannunsa gogewa zai kai. Amma a wannan aiki, a wannan wata, gogewar ce ke kiran ƙurar, kuma bayanin hakan shi ne ginshiƙin duk abin da aka yi daga baya.

Haske na ratsa nagatif ne ya sauka a kan takarda, inda ya sauka ya yi baƙi. Duk abin da ya tare hasken, komai ƙanƙantarsa, zai bar farin gurbi. Daga milimita 56 zuwa inci 12, wato milimita 305, hoton ya ninka kusan sau biyar da rabi, kuma ƙurar ma da ita ake ninkawa. Silin gashin mutum, mai kaurin kusan milimita 0.07, zai fito da faɗin da ya kusa milimita 0.4, fari fat. A kan babbar riga da rawani ba mai lura da shi. A kan baƙar fuska, da jikin doki, da inuwar bakin zaure kuwa, tun daga nesa ido zai faɗa masa. Hotunan mutanenmu cike suke da wurare masu duhu a daidai inda ake son kallo, shi ya sa ƙura ta fi cutar mu a nan.

Sai batun iskar kanta. Hunturu na kwaso ƙura ne daga Sahara ta arewa maso gabas, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, inda a da can ruwan tsohon tafkin Cadi ya kwanta. Cikinta akwai ƙwayoyin yashi masu tauri, waɗanda suka fi jelatin ɗin fim, wato siririn shafin da ke ɗauke da hoton, da robarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya danna tsumma a kansu ya ja, ya kafta wa fim zane ke nan. A lokaci guda danshin iska na faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Robar fim ba ta barin lantarki ya ratsa ta ya wuce, don haka in aka goge ta sai lantarkin ya taru a jikinta, irin wanda ke yin ƙas-ƙas da tartsatsi in mutum ya tuɓe rigar sanyi cikin duhu. Da damina laimar iska na zuƙe shi nan da nan. Da hunturu kuwa zama yake yi, ya dinga fizgo duk wata ƙura da zaren tufafi da ke shawagi a kusa. Abin da matashin ya gani da idonsa gaskiya ne: yana gogewa, wata na hawa.

Kafin a taɓa komai, na nemi a kira Hajiya a gaya mata halin da ake ciki, tun da kayanta ne kuma hankici ya riga ya yi wa ɗaya daga cikinsu rauni. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce da matashin, "Ɗana, kada garin neman gira a rasa ido. In ba za su fita ba, a dawo mini da abina yadda yake." A kan wannan sharaɗi aka ci gaba. Aikin farko shi ne ɗora kowane nagatif a kan akwatin haske a ɗauke shi da kyamarar zamani, don ko da wani abu ya faru, akwai kwafi a ajiye. Mai karatu zai iya cewa me ya hana a tsaya nan, a gyara a kwamfuta a huta? Hajiya irin hoton da ta sani tun tana yarinya take so, na takarda mai azurfa. Kuma sikana ba ta kuɓutar da kowa daga ƙura: fasahar Digital ICE da ke share ƙura da kanta ba ta aiki a kan fim na baƙi-da-fari, domin azurfar da ke cikin hoton na tare hasken da take amfani da shi kamar yadda ƙura ke tarewa.

Daga nan aka shimfiɗa ɓatattun hotunan a kan tebur aka zauna karanta su. Wannan ne matakin da na fi so masu koyo su riƙe, domin kowane tabo yana faɗin asalinsa. Aka jera bugu biyu na nagatif ɗaya. Mafi yawan fararen ɗigon ba a wuri ɗaya suke a bugun biyu ba, sun canja mazauni. Waɗannan sakakkiyar ƙura ce da ke sauka tana tashi a kan fim ko gilashin maɗauki, kuma su ne mafi sauƙin magani. Wasu 'yan kaɗan suna nan daram a wuri ɗaya, alamar sun manne a jikin fim. Akwai kuma wasu dishi-dishin tabo guda biyu marasa kaifin baki, da suka bayyana a kusurwa ɗaya a kan kowane hoto, ko da an canja nagatif. Don tabbatarwa, aka cire nagatif gaba ɗaya, aka tsuke ƙofar hasken lens zuwa lamba f/16, aka haska takarda kaɗan aka wanke. Tabon biyu suka fito a kan toka-tokar takardar. Ƙurarsu a kan kwandansa take, can cikin kan inlaja, ko da an shekara ana goge fim ba za su gushe ba.

Sai baƙaƙen ɗigo guda biyu a jikin katangar da ke bayan doki. Baƙin ɗigo a takarda na nufin huda ce ko gurbi fayau a nagatif. Galibi ƙura ce da ta zauna a kan fim a cikin kyamara lokacin ɗauka, ta hana haske isa wurin, aka wanke fim ta tafi ta bar gurbinta. Shekara hamsin ke nan da yin wannan, ba abin da za a share. Akwai kuma siraran layuka uku a jere a bayan fim ɗin doki, sababbi, aikin hankici. Na ƙarshe shi ne shatin yatsa a gefen hoton yara. Da hunturu kowa na shafa basilin ko man kaɗanya don kaushi, kuma ɗan abin da ya rage a yatsa ya isa ya bar maiƙon da ƙura za ta liƙe a kai.

Da aka gama wannan karatu sai aka mayar da fim cikin ambulan aka juya kan ɗakin, domin ba amfanin tsabtace abu a cikin iskar da za ta sake ɓata shi kafin a ƙifta ido. Ɗakin na da tagar luba da aka toshe da kwali, iska na shiga ta kowace kafa. Akwai darduma a ƙasa, baƙin labulen yadi a ƙofa, da fanka a sama. Matashin, saboda son tsabta, kullum sai ya share ɗakin da tsintsiya kafin ya fara aiki, wato yana tayar da ƙurar da ta kwanta cikin dare daidai lokacin da zai buɗe nagatif. Aka fitar da darduma da labule, aka liƙe taga da baƙar leda mai kauri da salatif, aka toshe ƙasan ƙofa. Tsintsiya ta bar ɗakin. Aka koma goge ƙasa da tebura da jiƙaƙƙen tsumma tun da dare, a rufe ɗakin ya kwana. Fanka ba ta sake juyawa ba, abin da bai dami kowa ba a sanyin Janairu.

Aka sayo ɗan ƙaramin ma'aunin danshi mai batir. Da la'asar ya nuna ƙasa da kashi 20. Aka rataya jiƙaƙƙun tawul, aka ajiye baho da ruwa, aka kuma tafasa buta a bar tururinta ya gauraye ɗakin kafin a fara, nesa da inlaja da takarda. Da haka ma'aunin ke hawa wajen kashi 40 zuwa 45, inda fim ke daina fizgar ƙura. Aka mayar da lokacin aiki bayan sallar asuba, kafin motoci da babura su tayar da ƙurar titi, lokacin da iskar gari ta fi laima. Abu biyu na ja wa matashin kunne a kai. Ɗakin da aka toshe haka yana tara warin sinadarai, dole a riƙa fita ana shan iska tsakanin bugu da bugu. Sannan danshin na lokacin aiki ne kawai, in an tashi a kwashe tawul da baho, kada a wayi gari fumfuna ta kama lens. Aka kuma kira mai gyaran wuta ya duba soket, ya tarar wayar ƙasa ba ta haɗe da komai, kamar yadda ake samu a ɗakunan haya da yawa. Ya haɗa ta yadda ya kamata, jikin ƙarfen inlaja ya samu hanyar zubar da lantarkin da ke taruwa a kansa.

Ita inlajar an kwance kanta, aka ciro gilasan kwandansa, aka hure su sannan aka goge da kyallen lens, aka share cikin fatar nan mai naɗewa da ke sama da lens, wadda ta tara ƙura ba kaɗan ba. Maɗaukin mai gilashi biyu kuwa ya jawo muhawara. Fim na da fuska biyu, kowane gilashi na da biyu, fuska shida ke nan da ƙura za ta iya zama a kai. In an cire gilasan duka a rage zuwa biyu, amma fim mai faɗi irin wannan, da ya riga ya lanƙwashe, zai iya bankarewa da zafin fitila, tsakiyar hoto ta fita daga saiti. Aka tsaya a tsakiya: gilashi ɗaya a sama, irin mai ɗan kaushi da ke hana zobba-zobba fitowa in bayan fim ya manne da shi, ƙasa kuma a bar ta a buɗe. Fuska huɗu. A ganina wannan ne mafi dacewa ga duk mai buga 120 a ƙasarmu.

Sai a lokacin aka dawo kan nagatif, kuma ƙa'idar ita ce a fara da abin da ba ya taɓa fim, kada a matsa gaba sai ya gaza. Aka wanke hannu da sabulu, aka sa safar hannu ta roba marar hoda, domin ta auduga zare take zubarwa. Rigar sanyi ta tsaya a waje, aka sa hula. Ana riƙe fim ta gefe, a haska shi da tocila a karkace, ba kai tsaye ba. A haka kowace ƙwayar ƙura sai ta yi ƙyalli. Sannan a tsayar da shi, a hure da 'yar robar hura iska ta masu kyamara, daga sama zuwa ƙasa, don abin da ya tashi ya faɗi ƙasa. Ba a hurawa da baki, ko yaya mutum ya kiyaye sai feshin yawu ya fita, jelatin kuma ya sha shi ya bar tabo. Matashin ya kawo shawarar injin iskar masu faci, na hana, saboda iskarsa na tafe da mai da ruwa. Wannan hurawa kaɗai ta kawar da mafi yawan abin da ya ɓata bugun farko.

Abin da ya ƙi tashi sai aka bi shi da buroshi mai taushin gaske, irin wanda aka yi don kashe lantarkin fim, sau ɗaya, a hankali, ta fuska ɗaya. Saurin ja da kai-komo shi ke sake caza fim. Gashin buroshin ba a taɓa shi da yatsa, in an gama a mayar da shi gidansa. Shatin yatsan basilin kuwa iska da buroshi ba sa yi masa komai, sai sinadari. Masu sana'ar na amfani da wani ruwan goge fim mai suna PEC-12, amma samunsa a nan wuya. Abin da Kodak da kansa ya ba da shawara shi ne alkohol na aisofurofil mai ƙarfin kashi 98 ko fiye, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Sifirit ɗin kemis bai dace ba, akwai ruwa a cikinsa, wani ma har da launi. Aka ɗiga kaɗan a kan kyallen da ba ya zubar da zare, aka gwada a bakin fim inda babu hoto, sannan aka shafa sau ɗaya, aka juya kyalle. Maiƙon ya tafi. Kuma sai bayan an hure ƙurar tas ake yin wannan, in ba haka ba an koma gidan hankici.

Yanki ɗaya cikin huɗun, na hotunan yara, yana da wasu busassun ɗigo da suka kafe a cikin jelatin, da alama tun ranar da aka shanya shi. Shi kaɗai aka yarda a sake wa wanka, kuma ban yi hakan da sakin jiki ba. Jiƙaƙƙen jelatin laushi gare shi ƙwarai, farce kaɗan zai kwashe shi, kuma fim irin 120 yakan zo da siririn jelatin a bayansa ma don hana naɗewa, don haka ba fuskar da za a yi wa gangancin murza. Ruwan burtsatse na barin farin shati in ya bushe, aka nemo tataccen ruwa daga inda aka sayi alkohol. Wanda ake sayarwa a kwalabe don batirin mota ban amince da shi ba, wani akwai asid a ciki. Aka daidaita zafinsa a digiri 20 da ma'auni, domin ruwan tanki da asuba ƙanƙara ne, da rana kuma ya yi ɗumi, kuma sauyin zafi farat ɗaya na iya sa jelatin ya yamutse. Aka jiƙa na 'yan mintoci ana kaɗa faranti a hankali, ɗigon suka saki da kansu. Ɗauraya ta ƙarshe da wani sinadari ce mai suna Photo-Flo, mililita 5 a lita guda ta ruwa, don ruwa ya zame bai bar shati ba.

Shanya ta fi wankan haɗari. Jiƙaƙƙen fim da aka rataya a sarari da hunturu, duk ƙurar da ta sauka a kansa sai ta kafe a cikin jelatinsa. Tun da yankin gajere ne, bai kai santimita 20 ba, sai aka samo sabon babban bokiti mai murfi, aka goge cikinsa da jiƙaƙƙen kyalle, aka ɗaura zare a bakinsa, aka rataya fim a ciki, aka rufe da 'yar kafa da aka toshe da kyalle mai tsabta. Ba wanda ya leƙa sai washegari.

Yankin da ke ɗauke da hoton mahaifiyar Hajiya shi ne ya fi tayar mini da hankali. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma an ga wasu siraran jijiyoyi masu rassa sun taso daga kusurwa sun bi ta jikin bango har gefen zanenta. Fumfuna ce, ta samu shiga a wata damina da laima ta kama adakar. Matashin, da ya ga yadda wanka ya yi wa hoton yara kyau, ya so a yi wa wannan ma. A nan na ƙi ƙememe. Fumfuna jelatin take ci, kuma wurin da ta ci yakan narke in ya sha ruwa. Da an tsoma shi, ana iya ɗagowa a tarar hoton ya bi ruwa. Aka hure shi, aka shafa alkohol sama-sama, aka tsaya nan. Allah Ya taimaka, fuskar ba abin da ya taɓa ta.

A wajen bugu an ƙara dabaru kaɗan. Inlaja mai kwandansa haskenta a miƙe yake, yana fito da kowane zane da ƙura da kaifinsu. Don hoton doki mai layukan hankici, da na uwargida, aka sa farar roba mai dishi-dishi a ƙarƙashin kwandansa ta warwatsa hasken. Lokacin haskawa ya ƙaru, hoton ya ɗan yi laushi, aka ɗaga matatar Multigrade, wadda ke daidaita ƙarfin baƙi da fari a takarda, mataki ɗaya don maido da ƙarfinsa, layukan kuma suka kusa ɓacewa. Tsofaffin masu hoto kan shafa maiƙon gefen hanci a kan zanen bayan fim ya cike shi, kuma yana aiki, amma ban so a ƙara wa wannan fim wani maiƙo da za a sake gogewa ba. Lens aka bar shi a f/8. Kafin kowane bugu, a kunna fitilar inlaja, a zura maɗauki rabi, a duƙa a kalli fim a karkace, a hure abin da ya yi ƙyalli, a tura a rufe. Tsakanin hurawar ƙarshe da haskawa ba a barin jinkiri.

Duk da haka ba a samu bugu ko ɗaya da ya fito babu ɗigo sam ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya samu hakan da hunturu ba. Bambancin shi ne daga ɗigon da ba sa ƙirguwa an dawo biyu ko uku a hoto. Waɗannan da hannu ake cike su bayan takarda ta bushe, da buroshin zane mai lamba 000 da rinin gyaran hoto. A tsarma rinin ya fi wurin haske, a share buroshi har ya kusa bushewa, a riƙa ɗiga ƙananan ɗigo har gurbin ya saje da kewayensa. A nan hannun zanen matashin ya yi rana, aikinsa ya fi nawa kyau. Baƙaƙen ɗigon bayan doki ana iya toshe gurbinsu a jikin nagatif su fito fari sannan a cike, amma hakan na nufin sa wa fim fenti. Aka tambayi Hajiya, aka gaya mata tun ranar ɗaukar hoton suke. Ta ce, "A bar su, Malam. Ƙurar Sallar ce."

An miƙa hotuna 11 a girman da aka nema. Na mahaifiyar an buga shi inci 8, domin a inci 12 jijiyoyin fumfunar sun fito fili a jikin bango, a ƙaramin kuwa sai an ƙura ido. Takardar da ta salwanta a bugun farko matashin ne ya ɗauki asararta, bai ƙara wa Hajiya ko kwabo ba. Layukan hankici uku suna nan a bayan fim ɗin doki, ba za su fita ba, an kuma gaya mata hakan ba ɓoye-ɓoye.

Nagatif ɗin bai koma tsohon ambulan ba. Kowane yanki an sa shi a rigarsa ta takarda marar asid, mai fumfunar an ware shi daban, aka zuba su a ƙaramin akwati da 'yan ƙunshin silika masu shan laima. An roƙi Hajiya ta ajiye shi a ɗaki mai sanyi, a sama, ba jikin bangon waje ba, nesa da kafur da hayaƙin turaren wuta, a kuma buɗe a duba shi a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi yawa. Babban wanta ya nemi a buga masa hoton doki inci 16. A wannan girman ƙura za ta ninka fiye da sau bakwai, don haka aka ɗage shi zuwa watan Oktoba, bayan damina ta kwantar da ƙasa, kafin iskar arewa ta juyo.